KARATU A KWANAKIN MAKOKI
Darasi domin sababbin masu-bi da masu-biɗan gaskiya

 Darasin nan a kan rashi ne, da abin da ya kamata mai-bi ya karanta sa'anda mutuwa ta shiga gidansa. Mutanenmu sukan ce mutuwa rigar kowa ce. Tun da shike haka ne, ya wajaba mu koyi wannan darasi tun muna lafiya, gama ba ranar tafiya a ke neman guzuri ba.

1. Abin da ƙasarmu ta gani

Ba sai an faɗa wa mutumin Anka ko na Bukkuyum mene ne baƙinciki ba. A shekara ta 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma da waɗansu ƙauyuka na kewaye. Yaro ya kan fara da amai da zafin jiki, sa'annan jijjiga ta kama shi, kafin kwana kaɗan an kai shi makwanci. Da fari an zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau. Sai da likitoci suka gwada jini aka gane gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da a ke kawowa cikin gida a niƙa suna ɗauke da dalma. Ƙurarsu ta zauna a tsakar gida inda yara su ke rarrafe, ta shiga bakinsu tare da abinci. Yara wajen 400 suka mutu. Aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara magani, har aikin ya kai Bagega a shekara ta 2013.

Bayan wannan sai masifar 'yan bindiga. A watan Janairu na 2022 suka afka wa ƙauyuka a ƙasar Anka da ta Bukkuyum, suka kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa gari ba tare da komi ba. A watan Satumba na 2024 kuma kwalekwale ya kife da manoma kusa da Gummi suna kan hanyar gona, ruwa ya ci da yawa daga cikinsu.

Ban ambaci waɗannan domin in tada miki ba. Na ambace su domin ku sani abin da za mu koya ba zancen nesa ba ne. A cikinku akwai uwar da ta yi wabi, akwai matar da aka kashe mijinta a gona, akwai wanda bai ga gawar ɗan'uwansa ba har yau. Sabon mai-bi kuwa yana da wani nauyi bisa kan wannan. Idan ya yi rashi, ba a rasa wanda za ya ce masa, "Ka gani? Tun da ka bar hanyar iyayenka ga abin da ya same ka." Maganar nan ta kan shiga zuciya da dare, sa'anda masu-gaisuwa sun watse. Mutane da dama a nan ne bangaskiyarsu ta kan yi rauni. Wanda ya san abin da a ke rubuce ba ya rasa abin da za ya amsa wa zuciyarsa.

2. Amfanin karatu ga mai-baƙinciki

Al'adarmu ta gaisuwar mutuwa abu mai-kyau ce, kada mai-bi ya raina ta. Maƙwabta sukan zo, su zauna a kan tabarma, su ce, "Sannu da haƙuri," su kawo abinci. Amma kwanakin zaman makoki kaɗan ne. Mutane sukan koma ga gonakinsu da kasuwarsu, mai-rashi kuwa a sa'an nan ne ya ke fara jin nauyin abin. Har wa yau kunya ta kan hana mu faɗin abin da ke cikinmu. Namiji ba ya son a ga hawayensa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari yana da rai, balle ta yi ta zancensa bayan ya mutu.

A nan littafi ya ke da amfani ta hanya uku. Na fari, littafi ba ya gajiya, ba ya kuwa sauri. Yana nan da tsakar dare, yana nan bayan wata shida. Na biyu, yana ba mutum kalmomi. Baƙinciki ya kan ɗaure harshe, har mutum ya durƙusa domin addu'a ya rasa abin faɗi. Idan ya buɗe Zabura, sai ya tarar wani ya riga ya faɗi abin a gaban Allah. Na uku, littafi yana nuna wa mai-rashi ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba, waɗansu sun bi ta gabansa, sun kuwa fita da bangaskiyarsu.

Rubuta baƙinciki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyya sa'anda ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta kuma yi wa mijinta Giɗaɗo. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa alƙalami yana rage nauyin zuciya.

3. Littafi na fari: Littafi Mai-Tsarki

Kada ku fara da wani littafi kafin wannan. Tun shekara ta 1932 a ke da shi dukansa cikin harshen Hausa, bayan aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi shekaru da yawa. An kuma sake fassara shi daga baya cikin Hausa mai-sauƙi. Ga wuraren da ya kamata mai-makoki ya sani.

Littafin Ayuba. Mutum ne adili, ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa goma, maza bakwai mata uku, a rana ɗaya, daga baya ciwo ya rufe jikinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyaun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka ɓata, gama suka nace lalle akwai zunubin da ya ɓoye. Ayuba ya ƙi, ya yi kuka, ya yi gardama, har ya la'anta ranar haihuwarsa. Ku duba sura ta 42: abokan nan da suka zaci suna kāre sunan Allah, su ne Allah ya tsauta wa, Ayuba da ya yi kuka a gabansa, shi aka ce ya yi musu addu'a. Ku lura kuma, har ƙarshen littafin Allah bai bayyana wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Abin da ya ba shi shi ne ya yi magana da shi da kansa, wannan kuwa ya ishe shi.

Zabura. Cikin zabura 150 da yawa kuka ne. Ta 13 da ta 42 suna farawa da ƙunci su ƙare da sa zuciya ga Allah. Ta 88 kuwa ta fara da duhu ta ƙare da duhu, duk da haka Ruhu Mai-Tsarki ya bar ta cikin Littafin. Wannan yana koya mana, ranar da ba ka iya rufe addu'arka da yabo ba, addu'ar ba ta lalace ba.

Makoki. Sura biyar ne, an yi su bayan rundunar Babila ta rushe Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Ubangijinmu. Wanda aka ƙone ƙauyensa ya kwana a daji da yara za ya gane wannan littafi fiye da malamin da ya koya a makaranta. A harshen Ibrananci surori huɗu na fari an jera su bisa ga haruffa 22 na harshen, daga na fari har na ƙarshe. Watau mai-rubutun ya bi baƙincikinsa daki-daki, bai tsallake komi ba, amma bai bar shi ya zama ambaliya ba. A tsakiyar littafin, cikin sura ta 3, ya tuna da jinƙan Allah da amincinsa.

Rut. Na'omi ta tafi ƙasar Mowab saboda yunwa, ta binne mijinta da 'ya'yanta maza biyu a can, ta komo Baitalahmi ta ce a riƙa kiranta Mara, watau mai-ɗaci. Allah bai aiko mata da mala'ika ba. Ya ta'azantar da ita ta wurin surukarta da ta ƙi rabuwa da ita, da kalar hatsi a gonar dangi, da jika a cinyarta. Gwauraye su karanta wannan, haka kuma waɗanda ke zaune kusa da su.

Bishara ta Yohanna, sura ta 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Baitanya. Marta da Maryamu, kowace ta faɗa wa Yesu a fili cewa jinkirinsa ya yi musu ciwo, bai kuwa tsauta musu ba. Ya san za ya tashe shi nan da nan, duk da haka ya zubar da hawaye. Idan Ubangiji ya yi kuka, wane ne za ya ce hawayen mai-bi rashin bangaskiya ne?

Bishara ta Luka, sura ta 13. Hasumiya ta faɗi a Siluwam ta kashe mutum 18. Yesu ya tambayi masu-jinsa ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya kuwa amsa da kansa cewa ba haka ba ne. Ka riƙe wannan, ya kai sabon mai-bi. Ƙurar dalma ba ta tambayi addinin gidan da ta shiga ba, ruwan Gummi bai zaɓi masu-zunubi ba. Idan aka ce maka rashinka hukunci ne domin ka bi Kristi, ka amsa da ladabi, kada ka yi faɗa, amma kada ka yarda a zuciyarka.

Daga ƙarshe, wasiƙa ta fari zuwa ga Tasalonikawa sura ta 4, da ta fari zuwa ga Korantiyawa sura ta 15. Bulus bai hana masu-bi baƙinciki ba. Abin da ya koyar shi ne baƙincikinmu yana da bege a ƙarƙashinsa, domin Kristi ya mutu ya tashi, waɗanda suka yi barci cikinsa kuma za su tashi.

4. Littattafan da masu-bi suka rubuta

Bayan Littafi Mai-Tsarki akwai littattafan mutane irinmu. Ba daidai su ke da Maganar Allah ba; kamar shaidar da ɗan'uwa ya kan tashi ya bayar a cikin taro su ke. Biyu daga cikin tsofaffinsu 'yan Afirka ne suka rubuta.

Kifriyanus, shugaban ikilisiya a Kartaj, a ƙasar da a ke kira Tunisiya yanzu, ya rubuta ɗan littafi a kan mutuwa wajen shekara ta 252, sa'anda annoba ta ke cin birnin. Waɗansu masu-bi sun yi mamaki da suka ga cutar tana kama su kamar kowa. Ya amsa musu cewa muddar muna cikin jiki ɗaya da sauran 'yan Adam, abin da ya same su za ya same mu. Bambancin yana cikin yadda mu ke jimrewa da yadda mu ke jinyar marasa-lafiya.

Agustin, mutumin ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya ba da labarin mutuwar uwarsa Monika, wadda ta rasu a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387. Ya danne hawayensa a wurin jana'iza, yana ganin kuka bai dace da mai-bi ba, sai nauyin ya ƙaru a ransa. Daga baya, yana kwance shi kaɗai, ya sake su a gaban Allah, ya sami sauƙi. Mazajenmu da su ke jin kunyar hawaye su yi tunani a kan wannan.

A zamani na kusa akwai C. S. Lewis, malami a Ingila. A 1940 ya rubuta littafi yana bayyana dalilin da ya sa Allah ya ke barin wahala a duniya, mutane suka yaba. A 1960 matarsa ta mutu da ciwon daji, sai ya tarar hujjojin da ya tsara ba su hana zuciyarsa karyewa ba. Ya riƙa rubuta abin da ya ke ji cikin littattafan rubutu guda huɗu, aka buga su a 1961 da sunan A Grief Observed, ba da sunansa na gaskiya ba. A farkon littafin yana fushi, yana ganin kamar ba mai-amsa addu'arsa. A hankali, ba a rana ɗaya ba, ya komo ga dogara. Wanda ya karanta shafukan fari kaɗai ya ajiye za ya yi tuntuɓe. Irin wannan littafi sai a kai ƙarshensa.

Akwai kuma Nicholas Wolterstorff, malami a Amurka. Ɗansa mai shekara 25 ya faɗo daga dutse a ƙasar Ostiriya a 1983 ya mutu. Uban ya buga littafinsa, Lament for a Son, a 1987. Abin da ya fi koya wa masu-gaisuwa shi ne kada su ƙanƙanta rashin, kada su yi gaggawar bayani, su matso kusa su zauna.

Waɗannan biyu da Turanci aka rubuta su. Wanda ya iya Turanci a cikinku yana da bashi a kansa: ya karanta, ya juya abin da ya samu cikin Hausa domin waɗanda ba su iya ba.

5. Yadda za a gwada littafi

Ba dukan abin da aka buga ne ya ke da amfani ba. A kasuwa da cikin wayar hannu akwai rubuce-rubuce masu ɗauke da sunan Yesu waɗanda su ke ƙara wa mai-rashi ciwo. Ku gwada kowane da tambayoyi uku.

Ta fari: yana faɗin gaskiya a kan mutuwa? Littafin da ya ce mai-bangaskiya ta gaske ba za ya yi ciwo ko rashi ba, ƙarya ya ke yi. An jejjefi Istifanus har ya mutu, masu-tsoron Allah suka binne shi da makoki mai-yawa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 8 ta nuna.

Ta biyu: yana sa ka zargi wani? Ku guji duk rubutun da ya ce a bayan kowace mutuwa akwai maye, ko kishiya, ko tsohuwar maƙwabta. Da mutanen Dareta sun tsaya neman maye, da yara sun ci gaba da mutuwa. Da aka gane ƙura ce aka kwashe ta, sai mutuwar ta ragu. Neman sanadi na gaskiya wurin likita aikin hankali ne, Allah kuwa yana sonsa. Neman wanda za a ɗora wa laifi wurin boka ko mai-duba zunubi ne, ko da an sa masa rigar addu'a.

Ta uku: ina ya ke kai ka? Idan yana kai ka ga fassarar mafarki, ko magana da matattu, ko biyan kuɗi domin a karya wata la'ana, ka ajiye shi. Littafin kirki yana kai ka ga Kristi da ya mutu ya tashi, yana kuma komo da kai cikin jama'a.

6. Yadda za a yi karatun

Ga mai-rashi. Kada ka tilasta wa kanka. A kwanakin fari hankali ba ya zama. Aya biyu ko uku sun isa, kamar yadda a ke ba mai-jinya kunu kaɗan-kaɗan. Ka fara da Zabura da Yohanna 11. Ka bar gardamar Ayuba da abokansa sai bayan makonni. Ka karanta da murya, gama abin da kunne ya ji ya fi zama. Idan wuri ɗaya ya taɓa ka, ka tsaya a nan, ka maimaita shi gobe da jibi. In ka iya rubutu, ka sami ɗan littafi ka rubuta wa Allah abin da ke ranka, ba sai wani ya gani ba. Kada karatu ya hana ka cin abinci ko fita gona. Dawuda ya yi azumi yana roƙo dukan kwanakin da ɗansa ke ciwo. Da yaron ya mutu a rana ta bakwai, ya tashi ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abinci. Idan kuwa watanni sun wuce barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ko tunanin hallaka kanka yana zuwa maka, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa dattijon ikilisiya, ku tafi asibiti tare. Littafi ba ya maye gurbin likita.

Ga mai-zuwa gaisuwa. Zumunta a ƙafa ta ke. Ka tafi da fari hannunka da abinci, bakinka da gaisuwa irin ta mutanenmu. Kada ka mai da tabarmar makoki wurin wa'azi ko gardamar addini, musamman a gidan da ba na masu-bi ba. Ka koma bayan mako biyu, sa'anda ƙafa ta ɗauke. Ka tambaya, "In karanta maka kaɗan?" Idan ya ce a'a, ka zauna kawai. Idan ya yarda, ka karanta gajere, kada ka ƙara dogon bayani. Mata su je wurin mata. Yara masu zuwa makaranta su karanta wa iyayensu da kakanninsu da ba su iya ba. Wannan hidima ce babba a gaban Allah. Kada ka ce wa uwa, "Ai za ki sami wani," gama ɗa ba ya zama madadin ɗa. Kada kuma ka yanke hukunci a kan makomar wanda ya mutu. Mai-shari'ar dukan duniya ya fi mu adalci, ya fi mu jinƙai.

Ku tuna, 'yan'uwa, haƙurin mai-bi ba danne zuciya ba ne. Haƙurinsa jira ne, irin na manomi da ya binne iri a ƙasa ya koma gida, yana sane da abin da damina za ta yi.

Tambayoyi domin aji

1. Me ya sa Allah ya tsauta wa abokan Ayuba, bai tsauta wa Marta da Maryamu ba?
2. Idan dangi suka ce rashinka hukunci ne saboda bangaskiyarka, wace sura za ka buɗe, da wane irin hali za ka amsa?
3. Faɗi tambayoyi uku da a ke gwada littafi da su.
4. Wane ne a unguwarku ya yi rashi cikin shekaran nan, wanda mutane suka daina zuwa wurinsa? Wace rana za ka tafi?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka ga kowane ƙaramin kabari a ƙauyukanmu, ka kuma san waɗanda ba a sami gawarsu ba, ka dubi masu-makoki na Anka da Gummi da Bukkuyum, masu-bi da waɗanda ba masu-bi ba. Ka buɗe mana Maganarka a ranar da idanunmu suka cika da hawaye. Ka tsare bakinmu daga zargi, ka sa ƙafafunmu su yi saurin zuwa gidan rashi. Ka riƙe bangaskiyar sababbin 'ya'yanka har ranar tashin matattu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.